Giyar Hilux ɗina tana zafi idan na ja tirela, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyayen gidanmu makanikai. Ina da Hilux ta 2012, injin 3.0 mai shan man gas, giya otomatik. Ina jan ƙaramar tirela da ita, galibi buhunan taki, daga Akwanga zuwa Jos. A shimfiɗaɗɗen titi lafiya lau take. Amma da na fara Hawan Kibo da kaya, sai fitilar A/T OIL TEMP, mai gargaɗin cewa man giya ya yi zafi, ta kama, alhali allurar zafin inji tana tsakiya ba ta motsa ba. Dole in faka, in bar injin yana aiki har fitilar ta mutu.

An canza man giya da ATF WS, wani nau'in man giya otomatik na Toyota, tsohon ya yi duhu yana ɗan warin ƙuna. An wanke lagireto, an duba fanka. Duk da haka matsalar tana nan.

Wani bakanike ya ce in ƙara kula (na'urar sanyaya man giya) ta daban a gaban lagireto, tunda ruwan lagireton ne ke sanyaya man. Wani kuma ya ce kwambata, wadda ke miƙa ƙarfin inji ga giya, ita ce ke sulɓi, a sauke giya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da saukewar ba, domin in ba kaya giya tana shiga sumul, ba fizga.

Don Allah wanda ya ƙara kular, ta magance masa? Kuma barin ta a D wajen hawa yana ƙara zafin ne, gara in riƙe ta a 3? Wannan motar ce abincin gidana. Allah ya saka da alheri.