Lambar kiran marigayi a rediyon sha'awa: wa ya taɓa neman a mayar da ita ga dangi?

Ɗan marigayi, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bayan ƙaramar salla, ya bar ɗaki guda a bayan gida cike da kayan rediyon sha'awa, wato na'urorin da mutum ke hira da su da wasu ta iska don nishaɗi, har da maɓallin aika saƙon Mos na tagulla wanda gefensa ya goge saboda yawan taɓawa, da akwati biyu na katunan QSL, wato katunan shaidar an yi hira ta rediyo, da abokan hirarsa suka aiko masa daga ƙasashe. Da aka zo rabon gado an yi wa na'urorin kuɗi, suka faɗo a kasona. Abin da mai rabon bai iya yi wa kuɗi ba shi ne lambar kiransa mai farawa da 5N, wato haruffa da lambobin da ake gane shi da su a rediyo, wadda muka tashi muna jin yana maimaita ta kowane dare bayan lisha. Ina so ta zauna a gidanmu. Ina roƙon duk wanda irin wannan ya taɓa samunsa ya faɗa mini yadda ya yi.

Tsohon malamin lantarki, Samaru: Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ɗana, abu na farko, kada ka kunna na'urar nan ka faɗi lambarsa. Lambar kira ba ta shiga dukiyar gado, domin hukuma ce ke bayar da ita tare da lasisi ga mutum guda da ya ci jarrabawa, kuma su kansu haruffan 5N ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ce ta ware wa Nijeriya. Kafin 1960 masu rediyo a ƙasar nan da ZD2 suke amfani. Na taɓa jin lambar wani abokina a zangon mita 40 wata biyu bayan mun kai shi makwancinsa. Sai da jikina ya yi sanyi. Ashe ƙanensa ne ya kunna don ɗebe kewa, bai san ya taka doka ba, kuma ya sa mutane da dama suka rubuta sunan mamaci a littafin hirarsu. Ka fara neman naka lasisin, ka tuntuɓi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasa, NARS, sannan ka rubuta wa hukuma takardar buƙata tare da shaidar rasuwa.

Bazazzagi mazaunin Amurka: Ina yi maka ta'aziyya, ɗan'uwa. Ni surukina ne ya rasu a nan, kuma dokar hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, a rubuce take. Idan mai lamba ya rasu, ba a bai wa bare lambarsa sai an shekara 2, amma dangi na kusa suna iya nema kafin lokacin ya cika: mata ko miji, 'ya'ya, jikoki, iyaye, kakanni, 'yan'uwa, kawu, gwaggo, 'ya'yan 'yan'uwa, har da surukai. Sai an fara soke lasisin marigayin, shi ya sa muka aika musu takardar shaidar mutuwa.

Inda na yi tuntuɓe shi ne matakin lasisi. Matakai uku ne, Technician da General da Amateur Extra, ni kuma ina na tsakiya, alhali lambar tsohon gajera ce, harafi ɗaya da lamba ɗaya da haruffa biyu, irin wadda mai matakin ƙarshe kaɗai ake bai wa. Dangantaka ba ta ɗauke wannan sharaɗi. Wata biyar na yi ina karatu bayan tashi daga aiki, uwargida tana riƙe da littafin tambayoyi tana yi mini su a kan teburin cin abinci, domin ita ta fi ni damuwa kada lambar babanta ta faɗa hannun wanda bai san shi ba. Da na ci jarrabawar na biya dala 35 na nema. Ranar da na fara faɗin lambar a iska, fita ta yi daga ɗakin tana kuka.

Uwar marayu, Kanada: Allah ya ba ku haƙuri. A nan wa'adin ya fi gajarta, shekara 1 ce kawai ake riƙe lambar mamaci domin iyalinsa. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ban ma san lokaci yana tafiya ba, sai da wani abokin maigidan ya kira ya tunatar da mu. 'Yarmu ce ta zauna jarrabawar, tambayoyi 100, ana bukatar a ci 70. Shawarata ita ce iyali su sanar da hukuma da kansu, su kuma rubuta ranar da wa'adi zai ƙare su manna a bango.

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari: Ni ban nema ba, kuma da gangan na bari. Yayana ya yi suna da lambarsa, masu rediyo kuma idan ɗayansu ya rasu sukan rubuta SK bayan lambar, ma'ana maɓallinsa ya yi shiru. Na ga ya fi mini a bar masa wannan. Ban so wani tsoho a Italiya ya ji lambar ya kira sunan Yaya da murna, ni kuma in riƙa yin ta'aziyyar da ba ta ƙarewa. Katinsa na QSL yana rataye a shagona cikin gilashi, sama da teburin aiki.

Ɗan marigayi, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Samaru, na cire wayar eriya na rufe na'urar da zane kamar yadda ka nuna. In Allah ya yarda zan zo ranar Asabar bayan la'asar da littafin hirarsa da tsohuwar takardar lasisinsa, ka duba mini su kafin in rubuta takardar.