Canjin inji a Argo mai taya shida, wanne zan saka?

Mai_Argo: Salam 'yan uwa, injin Argo ɗina, ƙaramar mota mai tafiya a ƙasa da cikin ruwa, ya buga, Briggs Vanguard ne mai ƙarfin doki 16. In ƙara girma ko in maido irinsa? Kuma wayoyin makulli ne ke ɗaure min kai wallahi.

Bakanike77: Wa alaikumussalam. Malam kafin komai auna kaurin shaf ɗin tsohon, inci 1 ne ko 1 da 1/8, don in bai yi daidai ba kulocin ba zai hau ba, kuma lalle shaf ya zama a kwance ba irin na injin yankan ciyawa ba. Vanguard 18 zai zauna maka ba wahala.

Injiniya_S: Batun waya dan Allah a kula, koyil ɗin magneto ne, wato mai samar da wutarsa da kansa, makulli haɗa baƙar wayar yake da bodi ya kashe inji, ka kuskura ka ba ta wutar batir 12V nan take koyil ya ƙone. Wayar solenoid na kabireta ita ce mai son wuta. Regileta kuma zuwa batir, da fiyus.

Mai_Argo: Na gode sosai. Salansa fa, tsohuwar za ta hau?

Bakanike77: Yawanci eh, amma duba kar ta matso jikin motar na roba.