Me za mu kira wannan ɗan jirgin da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakon masana harshe. Watan jiya na tsinci wani tsohon kan jirgin ƙasa a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi a nan Ingila. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da 'yan kai ba, amma ka ɗauke shi ka ji nauyi, don zubin ƙarfe ne. Ƙirar Hornby Dublo ne, wanda kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fara fitarwa a 1938. Turawa suna ce wa irinsa model train. Da na nuna wa Yayana a waya, sai ya ce, "Kai Malam, da girmanka kake sayen abin wasan yara?" Na buɗe baki in kare kaina, na rasa sunan da zan kira shi.

"Jirgin wasa" shi ne ya fara zuwa bakin kowa, ni kuma ban yarda da shi ba. Motar kara da ta langa-langa da muka yi muna yara, ido ne ma'auninsu. Wannan kuwa da awo aka yi shi: kowane sashe na jikinsa kashi 1 ne cikin 76 na jirgin gaske, tun daga bututun hayaƙi har ƙofar direba. Faɗin layin dogonsa milimita 16.5. Na Jamus, irin na Märklin, kashi 1 ne cikin 87. Masu wannan sha'awa galibi dattawa ne masu furfura, suna iya kwana suna musu a kan launin fenti.

Wani Malam ya kawo "samfurin jirgi". Allah ya saka, Malam, amma samfuri a kasuwa shi ne abin da ake nuna maka kafin a kawo kaya. Wannan babu kayan da ke biye da shi. Wata Hajiya ta ce "jirgin awo", tunda na dage a kan awo. Na so shi, har na kwana da shi. Da safe na gwada wa matata, ta ce, "Jirgin da ke kawo hatsi?" Shi ke nan, ya faɗi.

Kafin in faɗi nawa, bari in nuna muku cikinsa, don a nan na ga Hausa ba ta gaza ba. Na ɗora shi a layi, na ba shi wuta, bolt 12 yake ci. Ya yi gurnani, ya matsa kaɗan, ya ɗau zafi, ya tsaya. Na kwance shi. Burushin ya cinye saura ƙiris, tsohon mai ya daskare kamar ƙaro, koyil ɗin dai lafiya lau. Babbar matsalar mayen ƙarfen da ke cikin injinsa ne: ya saki. Irin na wancan zamani, da zarar an zare shi babu wani ƙarfe da ya haɗa bakunansa, ƙarfinsa ya tafi. Ko dai a kai wa mai na'ura ya sake cusa masa ƙarfi, ko a sa na zamani. Burushi, koyil, mayen ƙarfe, duk mai gyaran fanka a Kano ya san su.

Kayan gyara fa? An daina ƙera Dublo na asali tun 1964, saboda haka babu kantin da za ka shiga ka ce a ba ka sabo fil daga kamfani. Abin da ake yi shi ne abin da makanikanmu suka daɗe suna yi: a sayi matacce a yanka, a raya mai sauran numfashi. Na sayi na yanka guda, na ciri sukurori da sandar da ke haɗa ƙafafu. A kula dai, wasu tsofaffin, musamman na kafin yaƙin duniya na biyu, suna da wata cuta. Dalma ta gurɓata tutiyar da aka zuba su da ita, sai jikin ya kumbura, ya tsattsage, ya marmashe a hannu kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Ba ta da magani. Na sa mata "ciwon tutiya", kuma ban ji wanda ya yi gardama ba.

To ga nawa: jirgin tebur. Muna da ƙwallon tebur, ba wanda ya taɓa ɗauka ta yara ce kawai, an san dai babban fili ne aka rage shi ya dawo kan katako. Sauran kalmomin kuma suna bi ba tare da an ja su ba, tunda mun gaje su tun da jirgi ya iso Kano a 1911: kan jirgin tebur, taragon tebur, tashar tebur. Na san za a ce akwai masu shimfiɗa nasu a daɓe ko a lambu. Haka ne, amma jirgin ƙasa ma yana hawa gada ya ƙetare ruwa, ba a canza masa suna ba.

Jiya na sake kiran Yaya, na juya masa kyamara jirgin yana zagaye teburin cin abinci da taragu uku. Na ce, "Jirgin tebur ke nan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Nawa ka ce ka saye shi?"