Adon kwandunan Yakama: baibaya ko kalmasa?

'Yan'uwa masu fassara, ga wata kalma da ya kamata mu yi mata matsaya. Duk wanda ya duba bayanin kwandunan ƙabilar Yakama a gidajen tarihin Amurka, kamar na Burke da ke Seattle ko nasu na kansu da suka buɗe a Toppenish a 1980, zai yi ta cin karo da "imbrication". Da me za mu kira ta?

Sai mun ga aikin kafin mu raɗa masa suna. Yakama ƙabilu 14 ne na 'yan asalin Amurka da yarjejeniyar 1855 ta haɗe a yankin da yanzu yake jihar Washington, kuma a cikinsu Klickitat ne suka yi fice a wannan sana'a. Mace za ta haƙo saiwar itacen sida, ta tsattsaga, ta riƙa naɗa dami tana ɗinke shi a kan na ƙasansa da tsinken ƙashi, kusan yadda iyayenmu mata ke ɗinka faifai. Adon kuwa tare da ɗinkin ake yin sa. Za ta shimfiɗa siririn zirin farar ciyawar tsauni, ko ɓawon itace mai duhu, a bayan kwandon. Ta ninko shi baya, ta kama bakin ninkin da ɗinki ɗaya, ta sake kwantar da shi gaba ya rufe ɗinkin. Haka ɗinki bayan ɗinki. Daga waje ƙananan murabba'ai kawai za ka gani a jere, daga ciki kuwa babu alamar ado ko kaɗan. Da irin waɗannan kwanduna suke hawa tsaunin Adams, wanda suke kira Pahto, tsinkar 'ya'yan itacen daji a ƙarshen bazararsu.

Wani malaminmu ya kawo "baibaya", don asalin kalmar a Latin rufin ɗaki ne mai hawa kan juna. Malam, hujjarka tana da ƙarfi, amma baibaya sai an gama gini ake ɗora ta. Mai karatu zai ɗauka an gama kwandon ne aka lulluɓe shi da ciyawa, alhali adon da jikin tare suke tashi.

"Ɓawon kifi" kama kawai ya faɗa, kamar ma ba ta fito sosai ba. "Surfani" kuwa mu adana shi, za mu buƙace shi idan mun zo kan jakunkunansu na ɓawon masara da rigunan fata masu duwatsun ado.

Ni dai "adon kalmasa" na zaɓa. Kowane tela ya san kalmasa: a ninke baki, a danne da ɗinki. Abin da hannun matar ke yi ke nan. Kuma tana karɓar aikatau ba tare da wahala ba: ta kalmasa ciyawar, kwandon kalmasasshe ne tun daga gindi har baki. Nettie Jackson, mai ɗinkin kwando 'yar Klickitat wadda Amurka ta ba lambar girmamawa ta masu sana'ar gargajiya a 2000, sai mu ce gwanar adon kalmasa ce.

Iyayenmu masu ɗinkin faifai da adudu, idan akwai sunan da kuke kiran irin wannan ninki a wajen aiki, ku faɗa mana, naku za mu ɗauka.