Nimoniya: wace kalma za mu sa wa uwa a kunne?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina shirya saƙon rediyo na ranar 12 ga Nuwamba, ranar yaƙi da nimoniya ta duniya. Ina neman kalmar da uwa a ƙauye za ta ji ta miƙe. Na ga "ciwon huhu", na ga "sanyin haƙarƙari". Wacce zan ɗauka?

Nas: Wa'alaikumussalam ƙanena. Don Allah ka rabu da "sanyin haƙarƙari". Muddin uwa ta ji "sanyi", sai ta tula wa yaro riguna, ta shafe masa ƙirji da man zafi, ta zauna jiran sanyi ya fita. Kafin ta iso wurinmu yaro ya daina kama nono. Alhali ƙwayar cuta ce ta shiga huhu, 'yan jakunkunan iskar da ke ciki suka cika da ruwa da mugunya. Ɗaga rigar yaron ka gani: duk jan numfashi, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, hancinsa na buɗewa. Muna ƙirga numfashi minti guda cur. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ba ma wasa da shi.

Malamin Hausa: Gaskiyarki Anti. Amma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya faɗa. Babba in ta kama shi, sanyi yake ji har haƙora na haɗuwa, ga suka a haƙarƙari in ya yi tari ko ya ja dogon numfashi. Shi kuwa "ciwon huhu" ya yi faɗi, har tarin fuka da asma da ciwon daji sun shige ciki.

Likita: Malam, tarin fuka ma bakteriya ce ke kawo shi, amma tafiyarsu daban. Shi a hankali yake cin mutum: tari ya wuce mako 2, zufar dare, rama, wani lokaci kaki da jini, maganinsa wata 6. Ita nimoniyar bakteriya, musamman ta ƙwayar da ake kira Streptococcus pneumoniae, cikin kwana ɗaya ko biyu take kayar da mutum, da zazzaɓi mai zafi, kakin kuma launin tsatsa. Ko tarin shiƙa yana da sunansa. Nimoniya kaɗai aka bari da sunan aro.

Malamin Hausa: To me zai hana "zazzaɓin huhu"? Bakinmu ya saba da zazzaɓin cizon sauro da zazzaɓin taifot. Ya nuna inda ciwon yake, kuma zazzaɓi magani ake nema masa, ba bargo ba.

Likita: Ya kwanta mini. Sai dai a kula, tsofaffi kan zo ba zafin jiki sam, sai ruɗewa da kasala.

Nas: Ni ma na yarda, da sharaɗi. A saƙon, kada ka ambaci sunan ba tare da haki ba. Uwa ta san zazzaɓi, hakin ne take rainawa. Ka kuma tuna musu rigakafin da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14, kyauta ne.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan buɗe: "Zazzaɓin huhu, wato nimoniya. In yaro na tari yana haki, a kai shi asibiti yau." Anti, zan turo miki sauran ki duba kafin mu naɗa.