Wane littafi zan fara karanta wa Ilham?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Ilham ta cika shekara shida, littattafan hotuna sun fara gundurarta. Ina neman mai babi-babi da za mu riƙa bi bayan Isha. Na Hausa na fi so, don yanzu in na yi mata Hausa da buroka take ba ni amsa.

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. An gama.

Anti Rabi Idi-Araba: Maman Ilham, littafin dai shi ne, amma ki kula da inda za ki saya. Ni bara wani mai tebur ya sayar mini da kwafi, bango fes, kuɗi da sauƙi, ban ko buɗe ba. Muka fara da Khalifa, har ya kai in na tsaya wanke-wanke ya biyo ni kicin da littafin a hammata. Dare na takwas muna tsakiyar labari, an ɗauke wuta, ina haska fitilar waya, na juya shafi sai ga ni a wani labarin daban. Ashe ganye ya fi goma babu, wasu kuma an lika su kai a ƙasa. Yaron nan ya yi ta kuka wai ni na ɓoye ƙarshen. Dole na ƙaga masa nawa. Da muka je gida hutu kawunsa ya karanta masa na gaskiya, har yau in na ba shi labari sai ya ce, "Umma, na littafi ne ko naki?" Ki tsaya ki bi shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin ki biya. Kuma kada ki ce sai kun gama babi. Minti goma ya isa, ki rufe daidai inda ya ɗauko daɗi. Ai shi ma akun da ke ba da labaran cikin littafin da haka ya riƙa tsare Musa ɗan sarki har gari ya waye.

Ummu Hanan: Wayyo Khalifa, wallahi na tausaya masa.

Baban Amir: Ruwan Bagaja fa?

Malam Sabi'u: A'a Alhaji, wannan sai ta ƙara girma. Sharrin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ƙulla wa juna ba na 'yar shekara shida ba ne. Ko Magana Jari Ce ɗin ki riƙa dubawa da rana, Hajiya, akwai labaran da za ki tsallake. Hausar 1937 ce, wata kalmar ke ma sai kin tambaya.

Ummu Hanan: Ni na fi jin daɗin Iliya Ɗanmaiƙarfi, siriri ne, cikin sati muka cinye. Sai dai Hanan ta kwana biyu ba ta yarda a kashe fitila.

Ɗan Zazzau: Duk dai ku gode mana, a Zariya aka buga muku su.

Baban Amir: Inji kawai kuka bayar, marubucin Magana Jari Ce, Abubakar Imam, ba naku ba ne. Bazazzage da cika baki!

Ɗan Zazzau: To Bakano ne? A Kagara aka haife shi. Ku da kuka iya sayarwa kawai.

Hajiya Babba: Ku dai ba ku girma. Maman Ilham, ki riƙa sauya murya, sarki daban aku daban, kuma in ta katse ki da tambaya ki amsa mata. Ko da buroka ta tambaya ke ki mayar da Hausa.

Maman Ilham: Na gode Hajiya. To a ina zan samu mai kyau a Legas? Na duba masu tsofaffin littattafai a Yaba, duk na Turanci ne.

Malam Sabi'u: Aike ya fi. Ki ba direban motar Kano ko Zariya.

Baban Amir: Ƙanena zai taso da tirelar albasa ran Laraba, Mile 12 zai sauke. In ba ki ƙi littafi mai warin albasa ba, zan gaya masa.

Ummu Hanan: Alhaji, nawa buhu yanzu?