Yaya ake ɗaukar hoton adon bangon tsofaffin gidajen birnin Zariya?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara game da ɗaukar hoton adon da magina suka yi a fuskar zaurukan cikin birni, musamman daga Ƙofar Doka zuwa fada. A ido, dagi da takobi da sauran zanen da ke kewaye da ƙofar zaure sukan fito ɓaro-ɓaro, amma a hoton wayata sai bangon ya zama sumul, kamar magini bai taɓa sa masa hannu ba. Shin laifin waya ne?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam. Wayarka ba ta da laifi, Malam, matsalar daga haske take. Irin wannan ado tudu ne da kwari wanda magini ya fitar da hannunsa tun yaɓen yana ɗanye, saboda haka inuwa ce take bayyana shi. Idan rana ta fuskanci bango kai tsaye, kamar bangon gabas da sassafe, inuwar takan ɓuya, zanen ya baje. Ka jira hantsi ya ɗaga sosai, lokacin da hasken yake gogar bangon daga sama, za ka ga kowane layi ya yi inuwa a ƙarƙashinsa. A watannin Disamba da Janairu kuwa rana tana karkata kudu, don haka bangon da ke kallon kudu yakan samu haske daga gefe safe da yamma, muddin hazo bai yi kauri ba, domin ranar da ya rufe gari babu inuwar kirki.

'Yar Ƙofar Kuyambana:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai akwai abin da ya riga haske. Zaure mashigar gidan mutane ce, ya kamata a yi sallama a nemi izinin maigida, wanda sau da yawa ma shi zai gaya maka maginin da ya yi aikin. Sannan kada ka tsaya gindin bango ka ɗaga waya sama, domin zankwaye, wato tsinin da ake yi a saman gini, za su fito kamar suna shirin kifewa. Ka ja da baya ka jawo hoton, ko da wayoyin lantarki za su ɗan shigo.

Almajirin Magina:
Ɗan'uwa, kada ka tsaya a waje kawai. Tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, sabon gini ya kewaye shi, kuma adonsa yana ciki, a jikin ginshiƙai da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin da ke tallafe da rufi. Wurin da ɗan duhu, amma kada ka kunna fitilar waya, domin za ta shafe tudun zanen. Ka nemi izinin masu kula da masallacin, ka kauce wa lokutan salla, ka kafa wayar a kan abin da ba ya motsi.